Shuɗin Da'ira a Kan Allo: Yadda Kwamfuta Ta Sauya Koyon Wasan Go

A shekarar 1984 aka ɗauki wani yaro ɗan shekara tara mai suna Lee Changho daga garin Jeonju, aka damƙa shi a hannun Cho Hunhyun a birnin Seoul. A gidan ya tare, nan yake ci, nan yake kwana. Cho shi ne zakaran Koriya ta Kudu a wasan Go a wancan lokaci, kuma shi ma haka aka yi masa: yana ɗan yaro aka kai shi Japan gidan Segoe Kensaku, ya yi kusan shekara tara a can. A 1962 kuwa an kai Cho Chikun makarantar Kitani Minoru yana da shekara shida kacal. Duk mai son ya zama wani abu a wannan wasa ya san hanyar ɗaya ce: ka sami malami, ka durƙusa gabansa shekara da shekaru, ka haddace wasannin magabata dutse bayan dutse, kana jiran ranar da zai dubi wasanka ya ce maka nan ka yi daidai, nan ka yi ɓarna.

Wasan kansa ba shi da wuyar bayani. Allo ne mai layi 19 a tsaye da 19 a kwance, mahaɗarsu 361. Mutum ɗaya na riƙe da baƙaƙen duwatsu, ɗayan farare, kowa na ajiye ɗaya in zagayensa ya zo, kamar zubin farko a dara, sai dai a Go dutsen da ya sauka ba ya ƙara motsawa, sai in an kewaye shi an cinye. Wanda ya fi mallakar fili shi ke da nasara. Sinawa, waɗanda suka ƙirƙiro shi fiye da shekara 2,500 da suka wuce, suna ce masa weiqi, Koriyawa baduk, Japanawa igo. Dokokin ana iya koya wa yaro su a zama ɗaya, amma yawan yanayin da allon zai iya kasancewa a ciki ya kai lamba 2 da sifili 170 a bayanta.

Saboda wannan faɗi ne ilmin wasan ya daɗe yana hannun 'yan tsiraru. Tun farkon ƙarni na 17 gwamnatin Tokugawa a Japan take ba gwanaye albashi, gidaje huɗu suka riƙe sana'ar, wato Honinbo da Inoue da Yasui da Hayashi, kowane gida na ɓoye dabarunsa daga sauran. Al'adar da ta fi kowace daraja ita ce bita: in an gama wasa, wanda ya ci da wanda aka ci sai su kwashe duwatsun, su sake jera su daga farko, suna tambayar juna da an bi nan da me zai faru. In gardama ta ƙi ƙarewa, maganar babba ce ke raba ta. Babu wani alƙali bayan shi.

Kwamfuta ta daɗe tana abin dariya a nan. Deep Blue ta kayar da Garry Kasparov a wasan ches tun 1997, amma a 2013 manhajar Crazy Stone ta Bafaranshe Rémi Coulom sai da aka yi mata rangwamen duwatsu huɗu kafin ta ci tsohon zakara Ishida Yoshio, kuma an ɗauki hakan a matsayin gagarumin ci gaba. Masana na cewa da sauran aƙalla shekara goma. Shekara biyu bayan nan, a Oktoban 2015, AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta lallasa zakaran Turai Fan Hui ci biyar ba ko ɗaya a Landan. A Maris ɗin 2016 ta haɗu da Lee Sedol, mai kambun duniya 18, a Seoul, ta ci huɗu ya ci ɗaya.

Abin da ya girgiza malaman wasan ya wuce sakamakon. Shekaru aru-aru ana koya wa yara cewa layi na uku daga bakin allo na kama fili ne, na huɗu na neman iko a tsakiya, kuma in za ka danne dutsen abokin wasa ta kafaɗa, kada ka bar masa filin layi na huɗu, ya yi yawa. A wasa na biyu, a taku na 37, AlphaGo ta ajiye dutsenta a layi na biyar, ta yi daidai abin da aka hana. Wasu masu sharhi suka ɗauka kuskure ne. Lee, wanda ya ɗan fita shan iska, ya dawo ya zuba wa allon ido fiye da minti goma kafin ya mayar da martani. Lissafin manhajar da kanta ya nuna cewa ɗan Adam zai buga wannan taku sau ɗaya ne cikin 10,000. Can gaba dutsen nan ya zama ginshiƙin nasararta.

Daga nan abin ya zo da sauri. A ƙarshen Disambar 2016 da farkon Janairun 2017 wani ɗan wasa da ba a san shi ba mai laƙabin Master ya bi manyan ƙwararru a intanet ya ci wasa 60 a jere. Ashe AlphaGo ce a sabuwar riga. A Mayun 2017 ta ci Ke Jie, na ɗaya a duniya, sau uku a Wuzhen, yaron ɗan shekara 19 har ya zubar da hawaye. A Oktoba aka bayyana AlphaGo Zero, wadda ba a nuna mata wasan ɗan Adam ko ɗaya ba, dokoki kawai aka ba ta ta yi ta wasa da kanta. Cikin kwana uku ta ci wadda ta kayar da Lee Sedol 100 da babu.

DeepMind ta janye manhajarta daga fage, amma ta wallafa yadda aka gina ta, kuma a nan ne labarin mai koyo ya fara. Gian-Carlo Pascutto ɗan Beljiyam ya soma Leela Zero a ƙarshen 2017, masu sa kai a faɗin duniya suka ara masa ƙarfin kwamfutocinsu. Facebook ta saki ELF OpenGo a 2018, Tencent na da Fine Art, sannan a 2019 David Wu ya fito da KataGo kyauta. Yau yaro a ƙauyen da babu ko ƙungiyar Go ɗaya zai iya ɗora wasansa a kwamfuta, shuɗin da'ira ya bayyana a mahaɗar da manhajar ta fi so, lamba na gefensa tana faɗin kason nasara. Abin da Lee Changho ya bar gidan iyayensa don ya samu, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba yana cikin wayar hannu.

Kusurwar allo ce ta fara shaida sauyin. In abokin wasa ya ajiye dutse a mahaɗar 4-4, akwai gurbi a ƙarƙashinsa, 3-3, inda za a iya kutsawa a ƙwace kusurwar. Duk littafin koyarwa na da ya ce kada a yi haka da wuri, domin mai kutsen zai sami ɗan fili kaɗan, ya bar wa ɗayan katanga mai ƙarfi tana fuskantar tsakiya. Ɗalibin da ya yi haka a taku na biyar faɗa zai sha. AlphaGo ta riƙa yin kutsen tun da farar safiya, sai dai ta bar wata musaya guda a layi na biyu wadda mutane suka saba yi ba tare da tunani ba. Ashe wannan musayar ce ke toshe ɓarakar katangar. Da aka bar ta, katangar ta zama abin da za a iya kai wa hari daga baya. Ba a jima ba kutsen 3-3 ya cika wasannin ƙwararru, tsofaffin tsare-tsaren buɗe wasa da aka rubuta littattafai a kansu suka koma tarihi.

Ko mutane sun ƙara ƙwarewa? Wani bincike da mujallar PNAS ta buga a 2023 ya auna taku fiye da miliyan 5.8 na ƙwararru daga 1950 zuwa 2021, ya gano cewa ingancin wasa ya daɗe kusan a tsaye, sai ya yi tsalle bayan zuwan waɗannan manhajoji, kuma sababbin taku da ba a taɓa gani ba suka ƙaru. Sai dai a lura, ma'aunin da aka auna ingancin da shi KataGo ce, don haka wani ɓangare na sakamakon cewa yake yi ɗalibai sun fara kama da malaminsu. Duk da haka akwai shaidar da ba ta buƙatar ma'auni. Shin Jinseo, wanda aka haifa a 2000, 'yan ƙasarsa har laƙabi suka yi masa da ke haɗa sunansa da ƙirƙirarriyar basira saboda yadda takunsa ke dacewa da nata. A gasar Nongshim da aka kammala a Fabrairun 2024 shi kaɗai ya rage wa Koriya, ya kayar da mutum shida a jere daga Sin da Japan ya ɗauko kofin. A Nuwambar 2022 Choi Jeong ta zama mace ta farko da ta kai wasan ƙarshe na babbar gasar duniya, kofin Samsung, kuma masu sharhi da dama na ganin manhaja ta rage tazarar da rashin shiga zauren nazarin manyan maza ya daɗe yana jawo wa mata. A Satumbar 2024 Ichiriki Ryo ya ci kofin Ing, babban kambun duniya na farko da Japan ta samu cikin shekara 19.

Lee Sedol bai bi wannan ayari ba. A Nuwambar 2019, yana da shekara 36, ya ajiye wasan, ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Yonhap cewa ko ya zama na ɗaya, akwai abin da ba za a iya kayarwa ba. Yana da wata rigimar daban da hukumar wasan ta ƙasarsa, amma maganar tasa ta taɓa zuciyar tsarar da ta ɗauki Go a matsayin fasaha, inda ake gane mutum daga salon wasansa. Yanzu takun farko 30 ko 40 na manyan wasanni sau da yawa haddar juna ce.

Ƙwararre dai ya san abin da yake nema in ya kunna manhaja. Matsalar tana wurin mai koyo, kuma a nan ne aka fi yin asarar lokaci.

Lambar kason nasara ita ce tarko na farko. In manhaja ta ce baƙi na da kashi 90 cikin 100, nufinta in ita ce za ta ƙarasa wasan a ɓangarorin biyu. Tsakanin 'yan koyo biyu da kowannensu zai yi ɓarnar maki goma sau da dama kafin a tashi, wannan lamba ba ta faɗin komai. A ƙarshen wasan da ya yi kunnen doki, kuskuren maki ɗaya na iya faɗo da ita daga 90 zuwa 10, alhali a wasan da aka riga aka yi nisa mutum zai iya zubar da maki 15 lambar ba ta ko motsa ba. Ɗalibin da ke bin hawa da saukarta sai ya kwana yana baƙin cikin ƙaramin abu, babban ramin kuma ya tsallake shi bai gani ba. Babbar gudummawar KataGo ita ce ta zo da ƙiyasin tazarar maki, ta ce wannan taku ya jawo asarar rabin maki, wancan na goma sha biyu. Manhajar KaTrain, wadda aka gina a kanta, tana yi wa kowane taku launi gwargwadon asararsa, har ana iya sa ta ta yi shiru a kan ƙananan. Ɗan koyo mai matakin kyu 10 da ke ɓata dare a kan bambancin sulusin maki a taku na takwas, alhali rukunin duwatsunsa ya mutu a taku na 120 don bai iya ƙirga numfashinsu ba, wato guraben da suka rage babu dutse a kewayensu, manhajar ba ta yi masa laifi ba, shi ne bai san inda ciwonsa yake ba.

Tarko na biyu kwaikwayo ne. Shuɗin da'irar yana nuna wurin, ba ya faɗin dalili, kuma takun da manhaja ta zaɓa sau da yawa yana da kyau ne saboda wasu taku goma da ke biye, waɗanda ita ta gani, ɗalibin bai gani ba. Kutsen 3-3 ɗin nan da kowa ya rungume yana da wani reshe mai suna wuƙar Mi Yuting, sunan ƙwararren ɗan Sin da ya shahara da shi, inda rikicin ke bin taku da dama har ya mamaye rubu'in allo, kuskure ɗaya kuma ya gama wasan. Hatta Leela Zero da ELF sun sha tuntuɓe a cikinsa. Mai koyon da ya haddace taku biyar na farko don ya ga manhaja na yi, abokin wasa na kaucewa daga hanyar da ya sani sai ya tsaya cirko-cirko. Takun da ya gaza na manhaja da rabin maki, amma mai shi ya san abin da zai yi bayansa, ya fi masa amfani.

Malaman da suka iya aiki da waɗannan kaya kusan bakinsu ɗaya a kan tsari. Ɗalibi ya fara bitar wasansa shi kaɗai, manhaja a kashe, ya ware wuri biyu ko uku da yake zargin nan abin ya lalace, ya rubuta abin da yake tunani a lokacin da abin da zai buga yanzu. Sai a kunna. In manhajar ta nuna wani wuri daban, kada a wuce, a tambaye ta: a buga takun da ake tsoro daga abokin wasa a ga yadda za ta amsa, a sake buga wani, har sai mutum ya iya faɗin dalilin da bakinsa cikin jimla ɗaya. In ya kasa, ya bar shi, lokacinsa bai yi ba. Abin da aka fita da shi daga wasa guda bai kamata ya wuce darasi ɗaya ko biyu ba. Wannan tsohuwar bitar nan ce ta gidajen Japan, sai dai babban da ake kai wa gardama yanzu ba ya gajiya, ba ya fushi, kuma ba zai taɓa cewa komai ba sai an san tambayar da za a yi masa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kai ta hanyar kallo: iya karanta taku a zuci. Har gobe ƙwararru na zama da littattafan matsalolin rai da mutuwar duwatsu, irin su Xuanxuan Qijing na Sin daga ƙarni na 14 da Igo Hatsuyoron na Japan na 1713. Matsala ta 120 a wannan na biyun ta yi tsaurin da a 2019 sai da aka yi wa KataGo horo na musamman a kanta kafin ta fara gane abin da ke ciki.

Manhajar ta kuma sa an koma an sake duba tarihi, abin da ya fito kuwa yana da ban sha'awa. A 1846 Shusaku, yana ɗan shekara 17, ya buga taku na 127 a wasansa da Gennan Inseki. Ana ba da labarin cewa wani likita a cikin 'yan kallo ya ce Gennan zai sha kashi domin ya ga kunnuwansa sun yi ja. Shekara 170 ana koyar da wannan taku a matsayin ƙololuwar hikima. Manhajojin yau ba su ɗauke shi zaɓi na farko ba. Haka taku na 78 da Lee Sedol ya soka a tsakiyar allo a wasa na huɗu, wanda ya rikita AlphaGo ya ba shi nasararsa tilo: nazarin baya ya nuna da an amsa shi daidai da bai yi aiki ba. Amma wanda ya ce waɗannan taku kuskure ne bai fahimci wasan ba. An buga su ne a gaban abokin hamayya takamaimai, da agogo na tafiya, kuma sun yi abin da aka aike su. Manhaja na auna taku ne a kan abokin wasan da ba ya ruɗewa, irin wanda ɗan koyo ba zai taɓa zama gabansa a gasa ba.

Ita ma tana da makantarta. A farkon 2023 Kellin Pelrine, Ba'amurke mai wasa don sha'awa, ya ci wata manhaja da aka gina a kan KataGo wasa 14 cikin 15, babu kwamfutar da ke raɗa masa. Masu bincike na FAR AI ne suka fara gano ɓarakar da wata manhajar: in aka bar ta ta yi zobe da duwatsunta, aka lallaɓa aka kewaye zoben ta ciki da waje, ba ta ganin haɗarin sai an gama da ita. Dabarar da matsakaicin ɗan wasa zai hango tun daga nesa ce.

Ɓarna mafi muni ita ce ta amana. A Janairun 2020 an kama wani a jarrabawar zama ƙwararre a Koriya da ɓoyayyiyar kyamara a riga da na'urar sauraro a kunne, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. A Nuwambar shekarar aka dakatar da wata ƙwararriya 'yar shekara 13 na shekara guda kan amfani da manhaja a wasan intanet. A ƙarshen 2022 wani zakaran duniya ɗan Sin ya fito fili ya zargi ɗan ƙasarsu da ya doke Shin Jinseo da amfani da manhaja. Ba a sami hujja ba, mai zargin aka hukunta. A da in mutum ya buga taku mai ban mamaki yabo yake sha, yanzu sai an fara duba aljihunsa.

Masu gina manhajojin su ma sun gane cewa ƙarfi kaɗai ba ya koyarwa. A 2024 David Wu ya ƙara wa KataGo wani sashe da aka horar da wasannin mutane don ya kwaikwayi yadda suke bugawa a kowane mataki, daga kyu 20 na masu koyo har dan 9 na gwanaye. Da shi ɗalibi zai iya samun abokin wasa daidai ƙarfinsa mai yin irin kuskuren mutane, malami kuma ya ga takun da mai mataki biyu a gaban ɗalibinsa zai fi zaɓa, wanda sau da yawa shi ne darasin da zai shiga. A cikin zaɓuɓɓukan akwai na kwaikwayon ƙwararrun kowace shekara tun daga 1800, akwai kuma wanda ke sa ta buga wasa yadda mutane ke bugawa kafin zuwan AlphaGo.